Ni Na Riƙe Ƙwaryar Da Aka Yi Wa 'Yata Ɗura

Edita, ina yi maka sallama, kai da masu karatu. Lokacin da abin da zan faɗa ya faru shekarata goma sha tara, ban daɗe da fitowa daga sakandaren 'yan mata ba, kuma ina ganin kaina mai sani. Mutuniyar Ikara ce ni. A unguwarmu ni ce mace ta farko da ta wuce firamare, har mata kan kawo mini wasiƙun mazajensu in karanta musu. Shekarar da aka ba mu mulkin kai muna makaranta, malamanmu suna ta gaya mana wai mu ne za mu gyara gidajen ƙasar nan. Na auri malamin gona na En'e, wato hukumar gargajiya, muka zauna a Makarfi, Allah Ya ba mu 'ya mace. Na faɗi karatun nan ne ba don alfahari ba, sai don a gane cewa ba ni da uzurin rashin sani.

Da yarinyar ta kai wata bakwai ta iya zama da kanta. Wata rana ina cin dafaffen dankali a kan tabarma, ta miƙo hannu ta damƙi guda ta kai baki. Na so in ƙwace, sai na tsaya kallo. Ta mutsuttsuke shi da dasashi, rabi ya shiga, rabi ya zube a cinyarta, ta sake miƙo hannu. Tun daga nan, bayan nono, nakan dafa mata dankali ko kabewa su yi laushi, in yanka dogo-dogo kamar yatsa, ko gwanda nunanniya, ko 'yar lomar tuwo da miyar kuka, in zaunar da ita a gabana ta ci da hannunta. Ba na tashi sai ta gama. Wani lokaci takan cusa da yawa, ta yi kakari, fuskarta ta yi ja, ta turo shi waje da harshe, ta ci gaba da harkarta. Maigidana yakan yi dariya ya ce yarinyar nan da kunne take ci, don har can yake ganin miya. Tana ƙiba, tana wasa, ba ta taɓa kwanciya ciwo ba.

Da kaka aka tura shi kwas na wata biyu a Zariya, ya ce mu je mu zauna gidan iyayensa a wani ƙauye kusa da Likoro. Wanda ya san gidajenmu ya san kunyar ɗan fari. Ba na kiran sunanta, ba na yi mata wasa a gaban mutane, in tana kuka sai in yi kamar ban ji ba har wata ta ɗauko ta ta miƙo mini. Mahaifiyar maigidana, wadda nake kira Inna, ta karɓe mu da murna, ba zan ɓoye alherinta ba. Amma kwana uku da zuwanmu ta tarar da ni a bayan rumbu na ajiye wa yarinyar kabewa a faranti. Daidai lokacin kuma ta cusa da yawa ta yi kakarin nan da na saba gani. Kafin ta turo kabewar waje Inna ta fizge ta, ta zura mata yatsa a baki, tana salati. Ta juyo kaina ta ce wai yaushe aka fara watsa wa ɗan mutum abinci kamar ana ba kaji tsaba, wai abin da aka koya mana a makaranta ke nan, mu zauna mu naɗe hannu jariri ya ciyar da kansa, gobe ma sai in ba ta tulu ta je rafi. Matan gidan suka yi ta dariya. Tun ranar suka sa mini suna Malama, in na wuce su ce a matsa wa Malama kada miya ta taɓa ta.

Da la'asar Inna ta ce ɗura za a yi wa yarinyar, ta aika aka kira Gwaggo, ƙanwar mahaifin maigidana, tsohuwar da duk yaran gidan ta hannunta suka sha kunu, har shi maigidan nawa. Ga waɗanda ba su taɓa ganin ɗura ba, ga yadda take. A kwantar da yaro a kan cinya, a matse ƙafafunsa da hannayensa, a karkata kansa ƙasa. Mai ɗura ta kafa tafin hannunta a gefen bakinsa kamar mazurari, a zuba kunu a ciki, ta toshe masa hanci da yatsu. In ya buɗe baki neman iska, kunu ya shiga. Haka za a yi ta yi har cikinsa ya yi tulu, sannan a ɗaga shi a jijjiga, a ce ya ƙoshi. A makaranta malamarmu ta renon yara ta zana mana maƙogwaro a allo, ta nuna mana hanyar abinci da hanyar iska, ta ce ɗura takan tura kunu cikin huhu. Na rubuta a littafina, na ci jarrabawa a kai. Ranar da aka kwantar da 'yata a cinyar Gwaggo, ina ɗaki ina jin ƙarar kamar ana nutsar da ɗan akuya a ruwa, ban fito ba.

Safe da yamma aka yi ta yi, kwana goma sha ɗaya. Yarinyar da ke rarrafowa in ta ga faranti ta koma da ta hango Gwaggo a bakin zaure sai ta fara ƙanƙame duk wanda ke riƙe da ita. Gwaggo takan yi mata tsiya, ta ce ga 'yar Turawa an saba da cin abinci a tebur, yau dai sai ta sha na talakawa. Kullum nakan ce gobe zan yi magana. Nakan shirya kalmomin ina wanke-wanke, in na ɗago na ga fuskar Inna sai su gudu. Tsoro nake ji kada a ce matar malamin gona ba ta da kunya, ta buɗe baki a kan 'yar fari a gaban surukai, kada maganar ta kai Ikara a ce iyayena sun kai ni boko na dawo fitsararriya. Na so in rubuta wa maigidana, na fasa, don ban san wanda zan ba wasiƙar ba tare da an tambaye ni abin da ke ciki ba.

A rana ta goma sha ɗaya mata duk sun tafi gona ɗaukar dawa, sai Inna da ke nata aikin, babu mai zuba kunu. Gwaggo ta ce Malama ta zo ta yi amfani yau. Wannan shi ne abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, har maigidana: ni na durƙusa na riƙe ƙwaryar, ni na riƙa zuba kunun a tafin hannunta. Yarinyar tana da mura tun jiya, numfashinta da ma da ƙyar yake fita. Idonta yana kaina. A zubi na huɗu ko na biyar kukan ya ɗauke, kunu ya fito ta hanci, jikinta ya saki, leɓɓanta suka yi duhu. Gwaggo ta kifa ta, ta bubbuga bayanta, ta hura mata iska a fuska. Ban san tsawon lokacin ba. Daga baya ta yi wani ɗan tari, ta saki kuka siriri. Gwaggo ta share hannu a zane ta ce taurin kai ne irin na uwarta, ta ce in zubo sauran kada ya huce. Na ce a hankali ko za a bar ta haka. Inna, da ke tankaɗe a gefe, ta ɗago ta tambaye ni ko ni na haifi Gwaggo, ta ce ita ta haifi tara ba ta taɓa sa baki a kan na farinta ba. Na zuba sauran.

Kwana biyu bayan haka zazzaɓi ya rufe ta. Ta ƙi nono. In ta ja numfashi sai fatar tsakanin haƙarƙarinta ta lotsa, hancinta yana buɗewa yana rufewa. Wasu suka ce haƙori ne. Inna ta ce kabewar nan ce da na ba ta ta tsaya mata a ƙirji. Kabewar da ta ci mako biyu da suka wuce, wadda Inna da kanta ta ƙwaƙulo da yatsa. Aka jiƙa saiwa aka ce a ɗura mata, aka aika a kira wanzami ya zo bayan azahar ya yi mata tsaga a ƙirji. Da na ji an ambaci wanzami ban san lokacin da na goya ta na ja mayafi na fita ba, da rana tsaka, ban sallami kowa ba. Na bi ta cikin gonakin rake har bakin hanya. Ina tafe ina jin zafinta a bayana kamar na goya tukunya, ina kiran sunanta da ƙarfi don ta amsa, karo na farko tun da aka raɗa mata shi. Wata lorin mazarƙwaila mai zuwa Zariya ta tsaya, direban ya kalli fuskar yarinyar, bai tambaye ni komai ba, ya sa wani fasinja ya koma baya ya ba mu gaba.

A asibiti wata nas, dattijuwa daga kudancin Zariya, ta ɗora kunne a bayan yarinyar, tambayarta ta farko ita ce ko ana yi mata ɗura. Na ce e. Ta ce ciwon huhu ne, kunu ya shiga inda bai kamata ba, da mun ƙara kwana ɗaya da sai dai wani labarin. Da ta ga na karɓi alƙalami na cika katin da kaina, ta tsaya ta tambaye ni aji nawa na gama. Na gaya mata. Ta ce matan ƙauye da ke kawo mata irin wannan tana yi musu faɗa tana tausayinsu, don abin da suka gada ke nan, amma ni 'yar nan, ina nake lokacin da ake yi. Na ce ina wurin. Ta ɗauki yarinyar ta wuce. Kwananmu tara ana yi mata allura har cinyoyinta suka kumbura. A rana ta biyar ta kama nono. Allah Ya bar mini ita, ba don na cancanta ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da ya biyo baya. A ƙauyen ba a maganar ɗura. Maganar da ake yi ita ce matar malam ta fita gidan miji ba izini, ta hau motar ƙatti, tana kiran sunan 'yar fari a kan hanya kamar mahaukaciya. Maigidana, da labari ya kai masa a wurin kwas, ya zo ya yi kuka a bakin gadon asibiti, na gani da idona, amma da muka koma ya ce in je in ba Inna haƙuri, wai shi ma ai an yi masa ɗurar ga shi da ransa. Na je, na durƙusa, na ba da haƙurin fitar da na yi. Inna ta yafe, ta ce sai dai nan gaba in riƙa jin maganar manya, in daina ba jariri abu mai ƙarfi. Wato har yanzu laifin kabewa ne. Cikin 'ya'ya taran da ta haifa huɗu ne a raye, sauran duk kafin yaye suka tafi, da tari da zazzaɓi. Ban ce ɗura ce ta kashe su ba, ban sani ba, rai na Allah ne. Amma babu wanda ya taɓa tambaya, kuma duk wadda ta tambaya ita ce marar kunya.

Mun dawo Makarfi. Wata huɗu ke nan, yarinyar ta fara tsayawa, ta koma ci da hannunta, amma in ta ga ludayi ya nufo bakinta sai ta datse haƙora ta fara kyarma. Ko ruwa ba ta sha sai ta riƙe moɗar da kanta. In ta yi tari ina tsakar aiki, abin da ke hannuna faɗuwa yake yi.

'Yan'uwana mata, ba na cewa ku raina surukanku. Inna ba muguwa ba ce, Gwaggo ma so take yaro ya ƙoshi. Amma yaron da ya iya zama, yake miƙo hannu, ku zaunar da shi a gabanku ku ba shi abu mai laushi ya ci da kansa, ban da gyaɗa da gurjiya da rake da duk abin da zai iya maƙale masa, kada kuma ku juya baya sai ya gama. In bai ci da yawa ba yau, nono na nan, gobe zai ci. Kada ku yarda a toshe wa ɗanku hanci, ko wace ce za ta toshe. Na koyi cewa sanin da mutum ya kasa faɗa a tsakar gida ba shi da amfanin komai, kuma kunyar da na yi ta tattali ba ni ta cutar ba, wadda ba ta iya magana ta cutar. Jiya aka gaya mini matar ƙanen maigidana, yarinya ce da ba ta kai ni shekaru ba, ɗanta na fari ya shiga wata biyar, har an aika wa Gwaggo. Ranar kasuwa zan shiga mota in je. Na san sunan da za su kira ni, na kuma san har Ikara zai kai. Su kira.