Ruɓa a Mahaɗar Dashe

A hanyar garin Turawa, bakin wani lambu, ga wani mutum tsugune gaban dashen mangwaro 'yan aure guda tara. Ban san shi ba. Hularsa ta koɗe, yatsansa ɗaure da tsumma. Yana warware ledar da ya naɗe mahaɗar ɗayansu da ita, wajen ya yi baƙi, yana tsattsafar da ruwa. Yana yanka da reza kaɗan-kaɗan, yana neman inda itacen ke da rai. Da gani cikin marka ya haɗa su.

Na ce, "Sannu, malam. Ba ka jira ruwa ya ɗauke ba?"

"Baba, bishiyar mahaifina ce iska ta kayar. Rassan da na tsira da su ke nan."

Takwas suna yashe a gefe, duk sun ruɓe. Ya jawo na tara, ya daɗe bai taɓa ledar ba.