Ƙasar da Aiki ke Neman Mutane

Cikin duk ranakun da na yi a kamfanin nan, wadda har gobe ba ta fita raina ita ce ranar da na iso aiki na tarar da rabin mutanen unguwar Hor Al Anz ta nan Dubai a ƙofarmu. Ku sababbin ma'aikata ba ku san labarin ba, to ku gyara zama. Shekara biyu ke nan, lokacin ina mataimakiyar manaja mai kula da baƙin 'yan kasuwa. Aikinmu a sitonmu na unguwar Al Warsan bai canza ba: mu sayo tsofaffin injinan tarakta, a wanke su, a loda a kwantena, a tura wa mai kaya ƙasarsa.

Muna da wata kwastoma, Madam Irina, dattijuwa daga wata ƙasa mai sanyi da ke cikin yaƙi. Garejin gyaran tarakta gare ta a garinsu. Wata rana muna shan shayi ta ce da ni, "Hadiza, samun inji ba ya ba ni wahala. Wanda zai ɗaura shi ne babu." Ta ce matasa sun tafi fagen daga, waɗanda suka rage masana'antun soja sun kwashe su da albashi mai tsoka, wasu kuma sun tsallake iyaka. Rediyonsu kullum sai alfahari yake wai kusan babu marar aiki a ƙasar. Ni da na taso a Kano, inda mai digiri ke tuƙa adaidaita sahu, sai na saki baki ina kallonta. Ta roƙe ni in samo mata makaniki guda ɗaya nagari.

Nan take Ilu ya faɗo mini a rai. Ilu mutumin Maraɗi ne, makanikin manyan injina, kuma garejin da yake yi wa aiki a nan ya rufe. Ga waɗanda ba su sani ba, a nan bizar ma'aikaci tana rataye ne a wuyan kamfaninsa. Idan aiki ya ƙare sai a ba ka ɗan wa'adi, ko ka samu wani ya ɗauke ka ko ka haɗa jakarka. Wa'adin Ilu ya kusa cika, ga 'ya'ya a makaranta, ga tsohuwarsa ba lafiya.

Na kira shi na yi masa bayani, na ce, "Ilu, wannan magana tsakanina da kai ce."

Ya ce, "Hajiya, wallahi ko matata ba za ta ji ba."

Gaskiya ya faɗa, matarsa ba ta ji ba, don tana Maraɗi. Amma washegari a ƙofarmu ga tela, ga mai aski, ga mai sayar da turare, ga wani injiniya ɗan Zariya cikin kwat a wannan zafin, kowa ya zama makaniki. Wani har ya sayo rigar sanyi mai gashi ya rungume ta. Manajanmu, Alhaji Sabo, ya leƙo ta taga ya ce, "Hajiya Hadiza, ofishin jakadanci muka buɗe ban sani ba?"

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ja Ilu gefe na ce, "Kai da wuƙa ke wuyanka, kai ne ka gayyato masu ƙwace maka?"

Ya ce, "Hajiya, kwano ɗaya muke ci da mutanen nan. In ji labarin ƙasar da aiki ke neman mutane, in yi shiru? C'est pas possible, ba zai yiwu ba."

Muna cikin haka Madam Irina ta iso. Na ɗauka za ta yi fushi, sai ta tsaya tana kallon layin kamar mai azumi ya ga tulun ruwan sanyi. Ta ce, "Duk waɗannan maza lafiyayyu, kuma ba su da aiki?" Ta ba su haƙuri, ta ce takardun mutum ɗaya kawai za ta iya yi. Aka shiga sito, aka ba Ilu wani inji ya kwance ya mayar tana tsaye a kansa. Ta gamsu, ta ce shi take so. Na ji daɗi har na manta ina fushi da shi.

Ilu ba ya jin Turanci, ni ce tafinta. Ya goge hannu ya ce, "Hajiya, tambaye ta, wa ke riƙe da wurin kafin ni? Ta haɗa ni da shi in gaishe shi in nemi izini."

Na ce, "Haba Ilu, an ba ka aiki, khalas, shi ke nan. Wane izini kuma?"

Ya ce a garejinsu na Maraɗi ba a shiga gurbin wani sai an ji daga bakinsa. Idan rigima ce ta fitar da shi a ba shi haƙuri, idan tafiya ya yi ya sa maka albarka. Ya kafe, ni kuwa na fassara ina murmushi, don a zatona dariya za ta yi.

Ba ta yi dariya ba. Ta kalli injin ta ce, "Ɗana ne. An kira shi aikin soja. Bara aka kawo mini labarin mutuwarsa. Sifanoninsa suna nan rataye yadda ya bar su."

Da ƙyar na iya mayar da maganar Hausa. Ilu ya yi salati, ya durƙusa a gabanta ya ce, "Mama, ya haƙuri?" Daga nan ya tashi ya fita waje wurin mutanen da ke layi. Ban san abin da ya gaya musu ba, sai dai na ga hayaniya ta mutu, kowa ya cusa takardunsa a aljihu. Suka shigo ɗaya bayan ɗaya, hannu a ƙirji, tela da mai aski da injiniya: "Sannu Mama. Allah Ya ba da haƙuri." Ina fassarawa, ina riƙe da hannunta. Ta yi kuka sosai. Ta ce a garinsu ba a taru an gaishe ta haka ba, don kusan kowane gida yana fama da nasa.

Da ta share ido ta tambayi Ilu ko mahaifiyarsa tana da rai. Ya ce tana nan. Ta ce, "To ba zan kai ka can ba."

Na ce a raina, shi ke nan, ladabin Ilu ya cinye masa aiki. Shi ma na ga idonsa ya kaɗa. Sai ta juya ga Alhaji Sabo ta ce daga yau ba ta son a loda mata inji sai an gyara shi tas a nan Dubai, ita za ta ɗauki nauyin gyaran, kuma wannan mutumin ne zai yi. Alhaji, wanda bai taɓa barin ciniki ya wuce ƙofarsa ba, ya ce ai dama abin da yake shirin faɗa ke nan. Aka yi wa Ilu biza da sunan kamfaninmu kafin wa'adinsa ya cika. Shi ne shugaban sashen gyara da kuke jin tsoronsa yanzu.

Mu da muka fito daga inda mutane suka fi aiki yawa, da mun ji an ce ga gurbi sai mu ruga, ba ma tambayar abin da ya buɗe shi. Ni ma da farko hassada na yi wa ƙasar Madam Irina. Tun daga ranar, duk kwastoman da ya ce mini ya rasa ma'aikata, ba na gaggawar kawo masa mutum. Sai na fara tambayarsa ina nasa mutanen suka tafi.