Elnathan da Fitilun da Suka Yi Gumi

Kafin ladanin unguwar Gwange ya sauke kiran assalatu, Elnathan ya riga ya cika duro biyu da ruwa a tashar motocin da ke zuwa Konduga. Wankin mota ne sana'arsa tun zuwansa Maiduguri daga Hawul. Ba ya hira, ba ya zama a teburin mai shayi. Ka ba shi mota da laka, ka dawo ka tarar da ita kamar ba ta taɓa taka ƙasa ba. Shi ya sa direbobi ba sa kai wanki ko'ina sai wurinsa, da wannan yake ciyar da matarsa Ketura da 'ya'yansu.

Shekarar da ambaliya ta ci unguwarsu, ruwa ya shigo ɗakinsa ta wani ɗan rami a gindin bango. Tun daga nan ya ƙulla gaba da kowace kafa. Duk motar da ya buɗe bonet ɗinta, ya ga ƙananan ramuka a bayan fitila, sai ya gutsiri sabulun wanki ya liƙe su tam, kada ruwa ya shiga. Bai taɓa faɗa wa kowa ba. A wurinsa alheri ba abin shela ba ne.

Da damina ta kankama, fitilun motocin tashar suka fara gumi ta ciki. Gilashi ya yi fari, ruwa na gangarowa, ba dama a goge. Direbobi suka yi ta zagin masu sayar da kayan jabu.

Wata safiya ana tafka ruwa, Nuraddeen, matashin direban da ke jigilar manoma, ya kunna fitila amma haskenta bai fi na aci-bal-bal ba. Wata tirela ba ta gan shi ba sai da ta zo daf, ya kauce ya faɗa kwalbati da mutane cike. Allah ya tsare rai, sai wata tsohuwa da ta karye a hannu.

Aka jawo motar tasha, aka kira Cosmas mai gyaran wutar mota daga Gamboru. Ya ciro fitilar, ya juya bayanta, ya kankare da farce, ya kai hanci.

"Kai! Sabulu ne!" in ji shi. "Wane jaki ya yi wannan? Nan ne fa fitila ke shan iska. Ka toshe, zafi ya tara tururi, ta ina zai fita?"

Elnathan na tsaye da soso a hannu. Ya dubi layin motocin tashar, ɗaya bayan ɗaya, babu wadda hannunsa bai taɓa ba. Ba wanda ya kalle shi. Da ya yi shiru, da shi ke nan.

"Ni ne jakin," ya ce.



"Baba Elnathan, kai?" Nuraddeen ya dafe kai. "Innalillahi! Motata kaɗai?"

"Duka."

"Duka me?"

"Duka motocin."

Cosmas ya saki baki. "Oga, wa ya aike ka? Ko ni da nake cin abinci da lalacewarsu ban yi wannan ba."

Babu wanda ya yi dariya. Shugaban direbobi ya zo da kansa ya kifar da bokitin Elnathan, ya ce daga yau kada ya ƙara taɓa motar kowa da ruwa. Elnathan bai roƙa ba, bai kuma kawo zancen ambaliya ba. Abu ɗaya ya tambayi Cosmas, yadda ake busar da gilashin. Aka ce a buɗe ramukan, a cire murfin ƙwan fitilar, a bar wa rana sauran.

Bayan la'asar aka sake ganinsa a tashar. Wani daban ne ke wanki a gurbinsa. Shi kuwa ya zari tsinke daga tsintsiyar mai shara, yana bin motocin yana sallama da masu su. Wasu suka buɗe masa bonet, wasu suka juya baya. Ya sunkuya cikin ta wani direba da bai ko amsa sallamar ba, yana tono sabulun yana zubawa a aljihun rigarsa.