Gwiwar Alu Maɗori

Duk wanda ya sauka tashar Aliero ya ce gidan Alu Maɗori yake nema, ba a tambayarsa wane Alu. Ɗan kabu-kabu zai ɗauke shi ya bi ta bayan rumfunan albasa, ya sauke shi ƙofar wani zaure mai faɗi inda ba a rasa mutum biyu ko uku zaune da hannu ko ƙafa a naɗe cikin kara da tsumma. Alu ya gaji ɗori wurin mahaifinsa. Tun yana ɗan shekara goma sha biyar yake riƙe ƙafar mai karaya ana ja, har ya kai shi ke ja ana riƙe masa. Dogo ne mai faɗin tafin hannu, ba ya son yawan magana. Da rani yana noman albasa a fadama kamar kowa a garin, amma a ɗori sunansa ya fita. Daga Maiyama da Jega da rugagen bayan Kuberi ake kawo masa mutane kwance a bayan a-kori-kura.

Aikin ɗori a durƙushe ake yin sa. Alu ya yi sama da shekara arba'in yana dasa gwiwoyinsa a kan tabarma, wani lokaci a kan tsurar ƙasa, kuma bai taɓa tunanin za su gaji ba. Yana da shekara sittin da biyu ta hagu ta fara yi masa ciwo. Da farko da safe ne kawai, in ya taka kaɗan sai ta saki. Daga baya ta koma kumbura, tana ƙara in ya lanƙwasa ta kamar ana murza tsakuwa a ciki. Ya shafa man shanu, ya gasa da ruwan zafi, ya sha duk saiwar da ya san yana ba mutane. Duk a ɗakinsa yake yi, ƙofa a rufe. A masallaci in an sallame sai ya daɗe zaune yana jan carbi har sahu ya watse, sannan ya dafa bango ya miƙe. Mutane suka riƙa cewa Malam Alu ya ƙara riƙe ibada.

Wata ranar Talata ya gama ɗora hannun wani manomi, ya yunƙura zai tashi, gwiwar ta ƙi. 'Yan uwan mutumin su shida suna tsaye a kansa. Sai ya ci gaba da shafa ɗaurin, yana gyara abin da ba ya buƙatar gyara, gumi na bin wuyansa, har suka gaji suka yi godiya suka fita da ɗan uwansu. Ƙanensa Kalilu, wanda suke aikin tare, shi ya rufe ƙofar zauren ya sa hannu ƙarƙashin hammatarsa ya ɗaga shi.

Babban ɗansa Mukhtar, direban motar da ke kai albasa kudu, shi ya matsa har aka kai shi wani asibiti a Sakkwato. Likita ya ɗaga hoton ƙashin a jikin fitila zai fara bayani, amma Alu ya riga ya gani. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana laluben ƙashi da yatsa ba ya buƙatar a gaya masa cewa guringuntsin da ke tsakani ya cinye, ƙashi ke gugar ƙashi. Likitan ya ce sai an yi aiki, a sare bakin ƙasusuwan a sa na ƙarfe. Alu ya dawo gida ya yi wata bakwai yana ja da baya. Ranar da ya kasa hawa dokin ƙofar ɗakinsa sai da rarrafe, ya aika aka kira Mukhtar. Ya ce ya yarda, amma da sharaɗin kada kowa a Aliero ya ji.

Kalilu ne ya shirya abin da za a faɗa. Ya ce wa mutane wani attajiri a Nijar ya karye a ƙugu, an aiko da mota takanas an ɗauki Malam, kuma zai daɗe. Labarin ya yi wa mutanen unguwa daɗi, suka riƙa ƙara masa gishiri a majalisa.

Bayan an yi aikin an sallame shi, gidan ƙanwarsa Tabawa aka kai shi a Jega. Mijinta ya rasu, tana zaune da 'ya'yanta mata biyu, tana soya ƙuli-ƙuli tana sayar da man gyaɗa a cikin gida. Ta ba shi ɗakin da ke can ƙurya. Da yake ba ya iya tsugunno, ta sa kafinta ya huda kujerar katako aka ɗora a kan masai. Ranar da Alu ya fara ganin kujerar nan ya daɗe tsaye a kan ƙarfen dogarawarsa yana kallonta. Ko kafintan ya tambayi ta wa ce? Ya so ya tambayi Tabawa, bakinsa ya kasa.

An ce masa ya riƙa takawa a tsakar gida sau da yawa a yini, ya riƙa lanƙwasa ƙafar ko da tana ciwo. Amma tsakar gidan Tabawa ba ta rabuwa da mata masu sayen mai, kuma Jega da Aliero ba nisa. Sai ya lafe a ɗaki, ƙafa a miƙe a kan katifa, yana jin muryoyinsu ta labule.

Sau biyu a mako ake kai shi wani asibiti a Birnin Kebbi wurin gashin ƙashi. Yakan naɗa rawani ya ja shi har hanci. Ma'aikacin da ke kula da shi, Nuraddeen, mutum ne mai fara'a amma ba ya sassauci. Ya auna lanƙwasar gwiwar da wani ma'auni na roba, ya girgiza kai.

"Baba, ba ka yin abin da na ce a gida. In ta sandare a haka, ko kujera ba za ka zauna daidai ba."

Ya kama diddigen ya tura. Alu, wanda ya sha ce wa ƙarti su yi shiru su daure, ya ji wata ƙara ta fita daga bakinsa wadda bai san yana da irinta ba.

A mako na biyar, yana zaune a benci yana jiran layi, zafi ya sa ya sassauta rawanin. Wani mutum mai kimanin shekara talatin da biyar ya fito daga ɗakin gashin da sanda, ƙafarsa ta dama a miƙe yana jan ta. Ya wuce, ya dawo, ya leƙa fuskarsa.

"Baba Alu? Kai na? Ni na Idris, na Liba. Ɗan kabu-kabun da mota ta kaɗe bisa hanyar Maiyama, shekara ukku ke nan. Kwana arba'in na yi gidanka."

Alu ya gane shi tun kafin ya rufe baki. Ya tuna ranar da aka kawo shi, gwiwa ta kumbura kamar tulu. Ya tuna da ya sa yatsunsa ya ji karayar ta ratsa har cikin gaɓar, ƙashin ya rabu gida uku, kuma ya san a ransa wannan ta fi ƙarfin kara da tsumma. Amma yayan Idris ya faɗa a gaban jama'a cewa asibiti sun ce sai an yanka, su kuma suka ɗauko shi suka taho wurin wanda suka yarda da shi. Zauren ya cika, kowa ya zuba masa ido. Sai Alu ya ce a shimfiɗa tabarma.

Idris ya yi ƙoƙarin rusunawa, ƙafar ta hana shi, ya sunkuyar da kai kawai. Ya ce ƙashin ya haɗe amma gwiwar ta ƙi lanƙwasa, babur ya gagare shi, yanzu fetur yake sayarwa a kwalba bakin titi. Bana ne 'yan uwa suka kai shi aka yi masa aiki ko za ta ɗan saki. Babu ko ɗigon zargi a muryarsa. Har ya juya wurin mutanen da ke bencin ya ce, "Kun san wanga bawan Allah? Shi na babban maɗorin Aliero." Sannan idonsa ya sauka kan ƙarfen dogarawar da kumburarriyar gwiwar. Wata tsohuwa a ƙarshen bencin ta ce, "Allah mai iko," ta kawar da kai.

Alu ya yi mako biyu bai koma ba. Ya ce wa Tabawa zazzaɓi yake ji. Ta kawo masa fura ta ajiye, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Yaya, ni ban san mi ka gani can ba. Amma an yanka ka an ɗinke, ya riga ya wuce. Ko dai ka koma Aliero da ƙahwahunka, ko a maida ka a ɗauke. Can ma mutane na da ido."

Ta juya ta koma wurin suyarta.

Ranar kasuwar Jega, wajen hantsi, aka yi sallama. Idris ne. Ya ce ya ga kwana biyu Baba bai zo ba, ya tambayi direban da ke kawo shi, aka yi masa kwatancen gidan. Ya kawo lemo a leda. Ya zauna bakin katifa da ƙafarsa a miƙe, ya ɗauki rawanin Alu da ke rataye, ya nuna masa yadda zai zarga shi a tafin ƙafa ya riƙa jawo diddigen a hankali da hannunsa.

"In kai ka ja da kanka, Baba, zahin bai kai na Nuraddeen ba. Ni haka nike yi."

Alu ya ja, ya saki, ya sake ja. Yana kallon rawanin ya yi magana.

"Idris, ranar da anka kawo ka, na san ta hi ƙarhina. Tun da na taɓa na sani. Kamata ya yi in ce a maida ka asibiti. Mutane na gani, na kasa hwaɗi."

Ana jiyo ƙarar muciyar Tabawa daga tsakar gida. Idris ya daɗe yana kallon ƙafarsa.

"Ni duk shekarun ga ce nike ƙaddara ta," in ji shi. "Da ita nike ba kaina haƙuri."

"Ka yahe mani."

"Da ba ka hwaɗa mani ba, Baba."

Ya lalubi sandarsa ya miƙe. A bakin ƙofa ya tsaya kamar zai ƙara wani abu, sai ya ce Allah ya ƙara sauƙi, ya fita.

Alu ya koma gashi a makon. Sun ci gaba da haɗuwa a bencin. Idris yakan gaishe shi da ladabi, ya tambayi jiki, sannan ya je can nesa ya zauna. Bai sake zuwa Jega ba, Alu kuma bai sake tayar da maganar ba. Abin da ya canza shi ne ya fara fitowa tsakar gida. Matan da ke sayen mai suka gan shi yana zagaya turmi da ƙarfensa, daga baya da sanda. Wata 'yar Aliero da ke aure a unguwar ta gaishe shi da sunansa, ya amsa, ya ci gaba da tafiya.

Bayan wata huɗu ya koma gida yana takawa da ƙafarsa. Labari ya riga shi isa. Duk da haka wasu suka zo sannu da zuwa suna tambayar yadda ya baro attajirin Nijar, fuskarsu ba dariya, shi kuma ya rasa gane wa ke tsokana wa ke tambaya da gaske. Ga na farko da na biyu ya ce lafiya lau. Da na uku ya tambaya, wani tsohon abokinsa ne da suka yi makarantar allo tare, sai ya ɗage ƙafar wandonsa ya nuna masa tabon, dogo daga saman gwiwa har ƙasa. Abokin ya duba da kyau ya ce ɗinkin ya yi kyau. Kalilu ya yi kwana uku ba ya cin abinci tare da shi, don a ganinsa shi aka mayar maƙaryaci.

Ciwon ya tafi, sai ɗan tsami in an yi sanyi. Amma durƙuso ya ƙare masa. Yanzu Kalilu ke ɗorin, Alu na zaune a kujera gefe. Kafin a fara sai a matso da mai karayar kusa da shi ya laluba. Yawanci yakan gyaɗa kai a ci gaba. Wani lokaci kuma yakan janye hannunsa ya ce wannan ta asibiti ce, a yi sauri. Mutanen da ke zuwa gidan sun ragu, kuma ya san ana cewa tun da aka sa masa ƙarfe zuciyarsa ta mutu.

A damanar da ta wuce an kawo wata mata daga wajen Kuberi, saniya ta take mata gwiwa. Alu ya taɓa, ya ce wa mijinta, wani Bafulatani, ya wuce da ita Birnin Kebbi yau ɗin nan. Bafulatanin ya saurara har ƙarshe, ya yi godiya, suka ɗauke ta suka mayar cikin mota. Alu ya dogara sandarsa ya fito ƙofar zaure yana kallo. Motar ba ta nufi titi ba. Ta karya kwana ta shiga lungu na biyu, inda wani maɗorin yake. Ya daɗe tsaye a wurin, har Kalilu ya leƙo ya ce akwai mai targaɗe yana jira, sannan ya koma ciki ya zauna.