Ladan Wanzami da Jinin da Ya Ƙi Tsayawa

Namijin da ya tashi a unguwar Jahun ko Bakaro a shekarun tamanin da casa'in, da wuya a ce bai bi ta hannun Ladan Wanzami ba. Ni ma shi ya yi mini kaciya, mu biyar a zauren kakana. Ya ce in ƙirga masa azarar rufin zauren, kafin in kai tara sai na ji ya ce, "Tashi, an gama."

Dogo ne siriri, ya ɗan ranƙwafa saboda yawan sunkuyo a kan kawunan mutane. Wanzanci gadon gidansu ne. Sunan Ladan kuwa ya samo shi ne daga kiran sallar da yake yi a masallacin layinsu. Yana da rumfa a gefen kasuwar Wunti, inda yake aski da ƙaho. Ranar suna a kira shi askin jariri, in sanyi ya shigo kuma a yi ta layi a kansa don kaciya. Ba mai yawan magana ba ne, amma akwai abu ɗaya da yake faɗa da bugun ƙirji: shekara talatin da biyar yana wannan aiki, ba a taɓa dawo masa da yaro ba.

Matarsa Zinariya 'yar Fulani ce, daga gidajen da suka zauna a Tirwun bayan shanunsu sun ƙare. Allah ya ba su 'ya ɗaya tak, Saudatu, wadda ta auri Sabitu, malamin firamare da ke zaune a Gwallameji. Da Saudatu ta haifi ɗanta na fari, Mansir, Ladan ya ɗora duk burinsa a kansa. Yaron ya shaƙu da shi ƙwarai. Ba ya kiransa da komai sai Tsoho, in ya zo hutu kuma yini yake a rumfa yana wasa da zabirar kayan askinsa.

Tun yana rarrafe ake ganin baƙin shati a jikinsa, a gwiwa, a goshi, a damtse. Aka ce ƙiriniya ce. Ya taɓa cizon harshensa, jini ya yi kwana biyu yana tsattsafowa, aka ce ai baki ba ya saurin warkewa.

A sanyin shekarar 2009 Mansir ya cika bakwai. Sabitu ya zo ya durƙusa a gaban surukinsa, ya ce yana so ya kai yaron asibiti a yi masa kaciya a can. Ladan ya ajiye askar da yake wasawa.

"Ina raye, Sabitu? Na yi wa 'ya'yan gari, jikana kuma sai a kai shi wurin wanda jiya ya koyi riƙon aska?"

Sabitu ya sunkuyar da kai. Kunya ta hana shi musu.

An yi aikin ranar Asabar da hantsi, a gidan Ladan. Yankan ya fita tsaf. Jinin ya tsaya. Amma kafin azahar ƙyallen ya jiƙe. Ladan ya sake ɗauri, ya barbaɗa garin bagaruwa, jinin ya tsaya, kafin la'asar ya dawo. Ba kwarara yake yi ba, tsiyaya ce a hankali. Ranar Lahadi ya gwada duk abin da ya gada daga mahaifinsa. Saudatu ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Baba, ko dai mu tafi asibiti?"

"Zai tsaya," in ji shi. "Na ga wanda ya fi wannan."

Bai taɓa gani ba. Litinin da safe leɓunan yaron suka yi fari, ya daina kuka, sai neman ruwa. Ladan da kansa ya ɗauke shi ya shiga keke mai ƙafa uku. A asibiti aka ɗinke wurin, aka ƙara masa jini, mahaifinsa da kakansa duk suka bayar. Mansir ya rasu bayan la'asar.

A wurin zaman makoki Sabitu bai ɗaga murya ba. Rana ta uku, da mutane suka ragu, ya dubi surukinsa ya ce, "Baba, da ka bar ni." Daga nan bai sake taka gidan ba. Bai hana Saudatu zuwa ba, amma shi ko a hanya suka haɗu, gaisuwa ce daga nesa.

Ladan ya daina kaciya, ya daina ƙaho, ya tsaya ga aski kawai. Wasu suka ce baki ne ya kama shi, wasu suka ce tsufa ne ya ɓata masa hannu. Kiran sallar ma ya bar wa wani, ya ce muryarsa ba ta fita.

Shekara bakwai aka yi a haka. A 2016 wata likitar jini, Dakta Paulina, ta fara bincike a wani babban asibitin gari kan yaran da jininsu ba ya daskarewa. Ta lura cewa da yawansu ba a gane su sai ranar kaciya, don haka ta tara wanzaman gari ta tambaye su ko sun taɓa haɗuwa da irin wannan. Kowa ya ce shi dai a hannunsa bai taɓa faruwa ba. Ladan yana can baya. Sai da aka watse ya bi ta har bakin ofis.

"Likita, ni ya faru a hannuna. Jikana ne."

Ta zaunar da shi. Hausarta ta 'yan Bogoro ce, mace da namiji duk "ya" take ce musu, amma maganarta a fili take. Ta tambayi shatin jiki, ta tambayi cizon harshen, ta tambayi yadda jinin ke tsayawa ya dawo. Sannan ta bayyana masa cewa akwai wani sinadari a cikin jini da ke sa shi ya daskare ya toshe rauni, wasu yara maza kuma ana haihuwarsu ba su da shi. Sunan ciwon himofiliya.

"Baba, ba yankanka ba ne. Ko a nan aka yi, in ba a san yana da shi ba, zai zubar da jini."

"Da na kawo shi ran Asabar fa?"

"Da wataƙila ya rayu. Ba zan yi maka ƙarya ba."

Ya gyaɗa kai. Daga baya ya gaya mini cewa wannan amsar ce ta sa ya yarda da duk sauran abin da ta faɗa. Ta ce masa ciwon ta wajen uwa yake bi. Mace tana ɗauke da shi lafiyarta ƙalau, sai ya bayyana a wasu daga cikin 'ya'yanta maza. Ta ce ya je ya tambayi matarsa labarin mazan gidansu.

Ya tarar da Zinariya tana tsintar shinkafa a tsakar gida. Da ya tambaye ta, ta ajiye faifan. Ta ce tana da yaya, Bakari, ya rasu a ruga kwana huɗu bayan kaciyarsa, ita tana ƙarama. Akwai kuma ƙanin innarta da lauje ya yanke shi a ƙafa, jini bai tsaya ba har ya cika.

"Shekara arba'in muna tare, ba ki taɓa gaya mini ba?"

"Malam, ai an ce mayu ne suka kama su. Me zan ce maka?"

Ta tashi ta shiga ɗaki, ta bar shinkafar a wurin.

A lokacin Saudatu tana da 'ya mace ɗaya da wani ɗa namiji ɗan shekara shida, wanda ake kira Modibbo. Gwiwarsa takan kumbura ba tare da ya faɗi ba, ana ta yi masa maganin sanyin ƙashi. Sabitu kuma ya riga ya shirya kai shi wani ƙaramin asibiti a yi masa kaciya in sanyi ya shigo.

Ladan ya koma wurin likita da wani roƙo. Ya ce a gwada yaron, amma kada a gaya wa ubansa ta inda ciwon ya fito. "Ni ya riga ya ɗora wa laifin, kuma na saba da ɗaukarsa. In ya ji daga jinin 'yata ne, ban san abin da zai yi mata ba."

Dakta Paulina ta ce ba za ta iya ba. Uba ne, dole ya san abin da ke jikin ɗansa, ga kuma 'yarsu mace da ita ma wata rana za ta haihu. Ladan ya ce to, shi zai faɗa masa da bakinsa.

Ya hau keke ya tafi Gwallameji, gidan da rabonsa da shi shekara bakwai. Sabitu ya fito ya shimfiɗa masa tabarma a ƙofar gida. Ladan ya zayyana masa komai, bai rage ba, har da abin da likita ta ce game da ranar Asabar. Ya ƙare da cewa, "Saudatu ba ta sani ba, uwarta ma ba ta sani ba. Wanda ya hana ka kai yaronka asibiti, ya kuma riƙe shi kwana biyu, ni ne. In akwai fushi, a kaina ya tsaya."

Sabitu ya dube shi. Ya ce, "Yaushe ake gwajin?"

Aka gwada, aka tabbatar Modibbo yana da ciwon. Sabitu bai saki Saudatu ba, bai kuma taɓa goranta mata ba, aƙalla ba a gaban kowa ba. Bayan makonni uku, wata Juma'a da safe, ya zo rumfar Wunti ya cire hularsa ya zauna a kan tabarma. Ladan ya jiƙa masa kai ya aske shi. Ba wanda ya yi magana a cikinsu sai sallama.

Shekara biyu Ladan yana raka Dakta Paulina da ma'aikatanta wurin wanzamai, daga cikin gari har Yelwa da ƙauyukan bayan Tirwun. Waɗanda suka ƙi yi mata magana, shi sukan buɗe masa baki. Abu ɗaya yake roƙonsu: kafin su sa aska, su tambayi uwar yaro ko akwai ɗan'uwanta da jini ya taɓa ƙi tsaya masa, kuma in jini ya dawo sau biyu, kada su jira. Ta haka aka gano yara goma sha ɗaya. Wasu wanzaman dariya suka yi masa, suka ce wanda hannunsa ya mutu ne yake so ya kashe wa saura kasuwa. A 2018 wani yaro ya rasu a hannun ɗaya daga cikinsu. Ladan ya je jana'izar, ya dawo ya yi kwana biyu bai buɗe rumfa ba.

An yi wa Modibbo kaciya a asibiti yana ɗan shekara takwas, bayan an yi masa allurar sinadarin da jininsa ya rasa. Likita ta ce Ladan ya shigo ya gani in yana so. Ya ce a'a, ya zauna a benci a waje har aka fito da yaron.

Zinariya ba ta sake zama daidai ba. Ta daina zuwa biki da suna. In Modibbo ya zo gidan, sai ta bi shi tana kawar da duk abin da zai iya bugewa da shi, har yaron ya fara ƙin zuwa. Ta rasu a 2019 bayan gajeriyar jinya. Bayan shekara biyu hawan jini ya kayar da Ladan a rumfarsa, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, maganarsa ta sarƙe. Sabitu ne ya ɗauke shi ya kai shi gidansa, a can ya yi wata huɗu yana jinya, a can kuma ya rasu.

Binciken ya ƙare, Dakta Paulina ta koma aiki wani gari. Allurar kuwa wata sa'a a samu, wata sa'a a ce ta ƙare, a jira. Modibbo yanzu yana sakandare, gwiwarsa ta hagu ba ta miƙewa sosai. Kwanan baya na haɗu da shi da Saudatu a bakin asibiti suna jiran keke. Ta ce mini sun zo tun safe, an ce su dawo mako mai zuwa. Yayar Modibbo kuma an fara zuwa neman aurenta, Saudatu ta ce har yanzu ita da Sabitu ba su yanke wanda zai je ya gaya wa dangin saurayin labarin ciwon ba.