Kwalbar Dogo

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ni ne Farfesa, shugaban cibiyar binciken tsargiya, wanda likitoci ke miƙewa tsaye idan ya shigo. Ban saba rubuta ta'aziyyar mai wankin kafet ba, amma taka, Dogo, ta zame mini dole. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, Allah Ya karɓi ranka a gado na huɗu daga ƙofar ɗakin maza, bayan kwana uku kana aman jini. Ka bar uwa, da mata, da yara uku, da ƙani guda wanda bai cancance ka ba.

Duk mai bi ta bakin kogi ya san ka. Shekara ashirin kana tsaye cikin ruwa har gwiwa, da buroshi da sabulu, kana dirzar kafet da bargunan mutane. Ka taɓa tsintar zoben zinariya a naɗin wani kafet, ka taka da ƙafa har ƙarshen gari ka mayar, ka dawo ka ci gaba da wankinka. Sai daga bakin mai zoben aka ji. Tsohon da ke wanki kusa da kai, da bayansa ya fara ciwo, kai ke matse masa barguna kafin ka taɓa naka. Ƙaninka Auta kuwa ya sa maka kwaɗo a takalmi, ya ɗinke maka ƙafar wando, iyakarka ka bi shi da gudu taku uku ka tsaya kana dariya, ka ce Allah Ya shirye shi.

Shekara biyu da suka wuce muka zo muku bakin ruwa da motarmu. Muka yi bayani cewa tsutsar tsargiya daga jikin dodon koɗi take fitowa, ta huda fata ba a ji ba, ta zauna a jijiyoyin jini tana zuba ƙwai. Ƙwan nan ke maƙalewa a hanta, hanta ta yi ta tabo har ta taurare, mutum na yawonsa bai sani ba. Maganin da ke hannu yana kashe tsutsa, amma ba ya goge tabo, shi ya sa muke neman wani maganin da zai sassauta shi. Muka ba kowa 'yar kwalba da sunansa a jiki, ya kawo bayan gidansa a duba.

Aiki ya yi maka yawa, ka ba Auta taka ya kai tare da tasa. A hanya ya ɓare takardun sunan ya musanya. A ganinsa, shi da ke wuni yana iyo, shi ke da tsutsa. So yake a kira sunanka gaban abokan aiki, a jingina ka da sandar awon tsayi, a ɗura maka ƙwayoyi masu ɗaci, ya samu abin tsokanarka na shekara guda.

Da sakamako ya fito, sunan Auta aka kira, aka ce ƙwai birjik. Kai kuwa aka ce ƙalau kake. Nan take ya gane kwalbar wa ke da ƙwan. Ya buɗe baki zai yi magana, sai ya ji ka rungume shi, idanunka sun kawo ruwa, mutane sun kewaye ku. Ya ce a ransa, sai gobe.

Ka hana shi taɓa ruwa. Rabonsa na wanki ka haɗa da naka, kana ciki tun safe har la'asar. Duk wata ka goya shi a babur zuwa cibiya, ka zauna a bencin waje riƙe da takalmansa, ana shafa masa mai mai sanyi a ciki ana ɗaukar hoton hantarsa. Likita ta ce hantar lafiya lau, yaro ne mai sa'a. Ka ce mata, "Likita, ki ƙara dubawa. Wannan ko mutuwa yake yi, wasa zai mai da abin." A gida tsokar da ke kwanonka kake tura masa, shi kuma yana ci.

Da ka soma ramewa ta sama, ciki na tasowa, shi ne dai ya tambaye ka wata nawa ne. Matarka ta yi ta roƙonka ka je asibiti, ka ce ai an gwada ka, girkinta ne ya karɓe ka. Auta yana zaune ya ji wannan amsar ba sau ɗaya ba.

A asibiti ya tare likitar a baranda, ya tambaye ta, da an gano tun shekara biyu, da ka rayu? Ta ce ɓarnar ta daɗe, ba za ta rantse ba. Amma da sun kashe tsutsar, da sun fitar da kai daga ruwa, da sun sa ido a kan jijiyar da ta fashe. Ya koma gefen gadonka da niyyar faɗa. Ka buɗe ido da ƙyar, ka riga shi: "Auta, yaushe za ka koma hoton?" Ita ce maganarka ta ƙarshe da shi.

Allah Ya ji ƙanka, Dogo. Allah Ya sa ciwon nan ya zama kankarar zunubi, Ya wanke ka fiye da yadda ka wanke wa mutane kayansu, Ya haskaka kabarinka. Allah Ya ba Inna dangana, Ya ba matarka haƙuri, Ya raya abin da ka bari.

Farfesa bai taɓa jin sunanka ba, Yaya, ni ma a hoton bango kaɗai na san shi. Karatun allo kawai na yi, bokon nan kai ka koya mini da guntun sabulu a kan siminti. Na ari sunansa ne don a karanta har ƙarshe, tunda duk abin da ya fito daga bakina dariya ake yi. Inna, Autanki ne. Ni na musanya. Abin da kika yanke na karɓa.

Gobe za a gwada yaranka uku, Yaya. Ni zan kai su a babur ɗinka, amma kwalaben a hannun uwarsu za su tafi.