Injiniya Dalhatu, Wanda Ya Ƙirga Butocin Sabo

Kullum da sassafe za ka ga Injiniya Dalhatu Zailani a bakin famfon layinmu nan Sabo, ya durƙusa yana auna ƙarfin ruwa. Daga nan sai ofis, inda duk bututun unguwar ke zane a kwamfutarsa. Aikinsa gwaji ne a kwamfuta: in an yi kaza, ina ruwa zai kai? In an yi akasin haka fa? Sai ya jera sakamakon biyu ya kwatanta.

Shekara huɗu da suka wuce aka kawo tsarin sabon bututu. Masu zanen sun ƙiyasta mutum shida a kowane gida. Ba su san gidajen Sabo ba. Gidan Alhaji Ɗantani, dillalin goro, kaɗai yana saukar da fatake da 'yan dako sama da arba'in, kowa da butarsa in an kira salla. Dalhatu ya bi gida-gida ya ƙirga, ya sake gwadawa a kwamfuta. A nasu zanen layi duk shuɗi ne, lafiya lau. A nasa, ƙarshen layi ja ne da asuba da ranar Juma'a: ruwa ya ɗauke, bututu ya zama fanko, ya zuƙo ruwan kwata ta inda ya tsage.

Iya Muhibbat, mai sharar ofishin, tana nan lokacin da ya kai wa ogansa sakamakon, ogan ya ce masa, "Dalhatu, abeg, rufe wannan abin. An riga an sa hannu."

"Yallaɓai, yara ne za su sha," in ji Dalhatu.

Aka mayar da shi ɗakin ajiyar fayil. Damina ta sauka, amai da gudawa ya ɗauke yara bakwai a ƙarshen layin. Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi.

Malam Dalhatu, kai ne ka bi ƙofa-ƙofa kana roƙon mata su tafasa ruwa, wasu na yi maka dariya. Bana ka yi ritaya, ba walima ba lambar yabo, bututun kuma yana nan yadda yake. Mun gode, Allah Ya saka maka da alheri. Masu bin bayanka su koya: a taka ƙafa a ga mutane kafin a yarda da zane.

Ka ce mini ka gaza. Kausar, wadda biyu cikin yaran nan bakwai nata ne, ta ce in gaya maka ɗanta na uku yana raye ne don ka buga mata ƙofa.